Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malamanmu na Jami'a: A Rubuta Mana Ƙamusun Asalin Kalmomin Hausa

Zuwa ga shehunan malamai, shugabannin sassan Hausa da na kimiyyar harshe, da masu jagorancin cibiyoyin nazarin harsuna a jami'o'in Nijeriya da Nijar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, ɗaya daga cikin ɗimbin ɗaliban da suka zauna a gabanku suka kwashi karatu, suka fito suna raba wa na baya. Buƙata guda ce ta sa na rubuto. Ina roƙonku ku haɗa kai ku samar mana da ƙamusun asalin kalmomin Hausa, rubutacce da Hausa, wanda zai gaya wa mai karatu inda kalma ta fito, hanyar da ta biyo kafin ta iso bakinmu, da hujjar da aka dogara da ita. Na faɗe ta a bainar jama'a ne saboda ba ni kaɗai rashin wannan littafi yake ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Ban raina abin da aka yi ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, Hausa cikin Hausa, yana kan teburina, kuma na Bargery na 1934 har gobe ba a gama cin moriyarsa ba. Amma babban aikinsu shi ne faɗar ma'ana. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai kalmar kasuwa tamu ce ko ta Larabawa?" wata tambaya daban yake yi. Amsarta kuwa tana nan, an yi binciken tuntuni, sai dai tana warwatse a littattafai da mujallun da yawancinmu ba za mu taɓa riƙewa ba. Neil Skinner ya fitar da ƙamusun kwatanta Hausa da danginta a 1996, da Turanci. Maarten Kossmann ya bi diddigin kalmomin da muka aro daga harsunan Berber, na mutanen arewacin Afirka da Sahara, a 2005, da Turanci. Sergio Baldi ya tattara kalmomin Larabci da suka shiga harsunan Afirka ta Yamma da Sawahili a 2008, da Faransanci. Paul Newman ya rubuta tarihin harshen Hausa a 2022, shi ma da Turanci. Ga kuma kundayen digiri da ɗalibanku suka sha wahalar rubutawa a kan ararrun kalmomi, jere a kan kanta a ɗakunan karatu na sassa, ba mai buɗe su sai wanda zai rubuta wani kundin.

Inda masana ba su yi wa jama'a magana da harshensu ba, masu shaci-faɗi ne suke cike gurbin. Duk mai wayar hannu ya taɓa cin karo da saƙon da ke cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, ko wanda aka jero kalmomi goma da suka yi kama da na wani harshe mai nisa, a ƙarshe a ce, to kun gani, daga can muka taso. Ana turawa daga zaure zuwa zaure, har ya shigo aji a bakin yara a matsayin ilimi.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne batun boko. Shekara da shekaru jaridun duniya suna maimaita cewa daga kalmar Turanci book aka aro ta, mu ma muka karɓa muna maimaitawa. A 2013 Newman ya rubuta maƙala ya nuna ba haka ba ne, kuma hujjarsa ta farko tana cikin ƙamusun Bargery. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara, abin da aka yi don ido ya ɗauke shi a abin da ba shi ba. Iyayenmu mata sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a yi ta rakiya da ita da guɗa alhali amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya, kuma har yau muna cewa biri-boko. Hujja ta biyu ta sauti ce. Bahaushe ya ji cook ya ce kuku, don haka da book ya ara, buku zai ce. Ke nan kakanninmu sun dubi karatun da Bature ya kawo, suka auna shi da na allo, suka yanke masa hukunci, suka sa masa suna. Yadda al'umma ta karɓi makarantar mulkin mallaka yana cikin wannan suna, kuma wanda ya ce aro ne daga Turanci ya shafe wannan tarihin gaba ɗaya. Amma har yanzu ina jin masu digiri suna gaya wa yara tsohon zancen, domin gyaran bai iso gare su da Hausa ba.

Ku kuka koya mana cewa kama da wane ba ta wane. A Farisanci kalmar bad tana nufin mugu ko maras kyau, daidai da Turanci, kuma babu abin da ya haɗa su. A arewacin Ostireliya an yi wani harshe, Mbabaram, sunan kare a cikinsa dog, shi ma dacewa ce kawai. Tun 1786, lokacin da William Jones ya tsaya a Kalkata ya ce Sanskirit da Girkanci da Latin daga tushe ɗaya suka fito, abin da ya mayar da wannan fage ilimi shi ne gano cewa sauti ba ya canzawa kara-zube, ƙa'ida yake bi. Jacob Grimm ya shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a 1822: inda Latin ke da p, Turanci da danginsa f suke da shi, pater da father, piscis da fish, ba a kalma ɗaya ko biyu ba, a jere.

Mu ma muna da tamu, kuma na ga abin da take yi wa yara. Wata rana wani yaro da iyayensa suka taso daga wajen Sakkwato ya ce wa abokinsa ya zamna, aji ya kwashe da dariya. Na ɗauki alli na raba allo biyu. A gefe guda na rubuta zamna, sabro, abduga, amre, jibji. A ɗaya gefen na rubuta zauna, sauro, auduga, aure, juji. Na tambaye su wane ɓangare ne ya girmi wani, duk suka nuna na Kano. Sai na rubuta zama a ƙarƙashin zamna, amarya a ƙarƙashin amre, jibaje a ƙarƙashin jibji, na ce su nemo mini m da b ɗin a ɓangaren da suka zaɓa. Aka yi tsit. Wata yarinya ce ta fara ganewa, ta ce, "Malam, ke nan su ne suke faɗar ta asali, mu muka canza?" Na ƙara musu talaka da talauci, fatake da farke, haƙori da haure, su kansu suka fara kawo nasu misalan. Wannan ƙa'ida ta raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa August Klingenheben ya bayyana ta tun ƙarshen shekarun 1920, da Jamusanci. Yaron nan bai sake sunkuyar da kai don karin harshen gidansu ba. Abin da nake nema shi ne kowane malami a kowane ƙauye ya sami littafin da zai ba shi irin wannan dama, ba sai wanda ya yi sa'ar tuna darasin shekara ta uku a jami'a ba.

Akwai babban ruɗani da littafin zai warware, wato bambanci tsakanin gado da aro. Da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka Hausa 'yar Larabci ce. Abin da bincike ya tabbatar, musamman tun aikin Joseph Greenberg na shekarun 1950, shi ne Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban dangin da ya haɗa Larabci da Ibrananci da harsunan Berber da Somaliyanci da harshen Masar ta zamanin Fir'auna. Kaka ɗaya gare su, tun dubban shekaru kafin wani Balarabe ya ƙetaro Sahara. Shi ya sa muke cewa littafinka, littafinki, littafinku, Balarabe yana cewa kitabuka, kitabuki, kitabukum. Shi ya sa ma- ɗin da ke cikin mabuɗi da masallaci da makaranta ya yi daidai da na miftah da masjid da madrasa. Harshe yakan ari sunan kaya cikin sauƙi, da wuya ya ari wakilin suna. Mutu tamu ce ta gado, 'yar'uwar kalmar māta ta Larabci, wato ya mutu. Suna ɗan'uwan ism ne, halshe ko harshe ɗan'uwan lisan, huɗu ko fuɗu kuma tana da 'yar'uwa a rubutun Masar na dā. Amma lahira da lafiya da labari aro ne, sun zo jiya-jiya idan aka gwada da waɗancan. Wanda bai raba waɗannan biyu ba, duk abin da ya gina a kai zai karkace.

Aron ma ba ta ƙofa ɗaya ya shigo ba, kuma a nan ne nake ganin masana tarihi suke buƙatarku fiye da yadda suka sani. Greenberg ya nuna tun 1947 cewa kalmomin Larabci a Hausa hawa-hawa ne. Akwai tsofaffi da suka shigo ta bakin fatake har al- ɗin Larabci ya manne musu ya zama jikinsu, irin su allura, albasa, alkama, aljihu, laifi, littafi. Akwai na baya da malamai suka ɗauko kai tsaye daga littattafai, waɗanda suka fi kusa da yadda suke a rubuce. A 1960 kuma ya nuna wasu ta Borno suka biyo. Kasuwa ita ce suƙ ta Larabci, amma sai da ta yada zango a Barbarci aka ɗora mata ka- a gaba. Karatu da rubutu ta can suka zo, haka galadima da ciroma da yarima. Tarihin Kano ya ce Wangarawa ne suka kawo Musulunci daga yamma a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Kalmomin karatu da rubutu kuwa gabas suke nunawa. Duka biyun shaidu ne, kuma wanda zai rubuta tarihin ilimi a ƙasar Hausa dole ya saurare su tare. Daga arewa kuma Tamashek, harshen Abzinawa, ya ba mu raƙumi da takobi da cokali. Azumi ma, da kowa ke ɗauka kai tsaye ya zo daga Larabci, siffarsa tana nuna ta bakin mutanen Berber ya ratso.

Bari in gwada muku irin bayanin da nake mafarkin gani, da kalma ɗaya, takarda. Mai karatu zai buɗe ya ga an nuna masa karin sautinta da tsawon wasulanta da jam'inta. Sannan a ce masa daga Tamashek muka karɓe ta, ta- ɗin da ke farkonta alamar tamata ce a harsunan Berber, irin wadda ke cikin takobi. Su kuma mutanen Berber sun karɓe ta daga Latin, carta, a arewacin Afirka. Latin ta aro daga Girkanci, inda take nufin fallen ganyen da ake rubutu a kai. Wannan kalma ta Girkanci ita ce ta zama ƙirɗas a Larabci, wadda duk almajirin da ya kai Suratul An'am ya karanta. Ita ce kuma ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, Bature ya kawo mana ita muka ce kati. Karta da ake bugawa a bakin titi ita ma 'yar gidan ce. Tushe ɗaya, ya shigo mana sau da yawa ta hanyoyi daban-daban, a zamuna daban-daban. Ina mai tabbatar muku yaron da ya karanta wannan ba zai ƙara ganin darasin Hausa a matsayin na waɗanda suka kasa samun gurbi a ajin kimiyya ba.

Ko teburin mai shayi ya ishi mutum darasi. Shayi daga Sin ya taso ta ƙasa, ya bi ta Farisa ya shiga Larabci ya iso mu. Ti kuwa ganye ɗaya ne, suna ɗaya ne a asali, amma daga wani karin harshen Sinanci na bakin teku, 'yan kasuwar Holan suka kai Turai ta jirgin ruwa, Ingilishi ya kawo mana. Sukari ya faro daga Sanskirit a Indiya, ya ratsa Farisanci da Larabci. Suga ita ce dai kalmar, bayan ta zaga Turai ta dawo. Ashanar da ya kunna murhu da ita ta Yarbawa ce, kamar agogo da keke. In a Maraɗi ko Damagaram kake, da dala za a yi maka lissafi, tamma biyar ta sefa. Sunan dala ya samo asali daga kuɗin azurfa da aka fara bugawa a kwarin Joachimsthal na ƙasar Cek ta yau a farkon ƙarni na 16, wanda kuma shi ne ya haifi sunan dalar Amurka. A wannan gefen iyaka dattawa suna tuna sule da sisi da kwabo. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja tana nan a bakinmu: biro a Katsina, bik a Maraɗi, tumatir a nan, tamati a can, ɗan Nijar yana zuwa lakwal wurin mushe, wato makaranta wurin malami. Ƙamusun da aka rubuta a Kano ko Zariya ba tare da malaman Yamai da Damagaram ba, rabin labari zai bayar.

Na san akwai masu jin nauyin wannan magana, suna ganin tona aro tamkar tona asiri ne, wai za a ce Hausa ba ta da nata. A wani bincike da Martin Haspelmath da Uri Tadmor suka jagoranta, aka buga a 2009, an auna harsuna 41 da ma'auni ɗaya. Ari Awagana da Ekkehard Wolff na cikin waɗanda suka yi ɓangaren Hausa. Ararrun kalmomi a Hausa sun ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar, na Turanci sun kai kusan kashi biyu cikin biyar, kuma ba wanda ya ce Turanci ya ƙasƙanta. Mu ma mun bayar. Yarbanci yana da alubosa, a Gana akwai zongo da waakye da tuo zaafi, ƙamusun Oxford ya shigar da suya. Magabatan malaman Musulunci ba su ji kunyar wannan ilimi ba. Al-Jawaliƙi ya rubuta littafi sukutum a Bagadaza a ƙarni na 12 kan kalmomin da Larabci ya aro. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya tattara kalmomin Alƙur'ani da aka ce asalinsu na wasu harsuna ne, irin su istabraƙ da ƙisɗas da mishkat. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, amma da hujja suka yi shi, a rubuce, da harshen da jama'arsu ke karantawa.

Abin da ya sa na kasa haƙuri in jira shi ne shaidun suna ƙarewa. Ba a gane tsohuwar siffar kalmar gado sai an gwada ta da ta dangi. Mun san wuya, na jikin mutum, a dā da r take saboda Ngizim suna cewa wura. Mun san mai, irin na girki, shi ma haka yake saboda Bolewa suna cewa mor. Da waɗannan da ire-irensu aka gano cewa tsohon r ya koma y a Hausa. Bade, Karekare, Ngas, Tangale, Miya, Warji, Zaar, Gwandara, duk ma'ajiyar tarihin Hausa ne. Gaskiya mai ɗaci ita ce Hausa ce take haɗiye da yawa daga cikin ƙananan danginta. Harsunan Auyo da Teshena da Shira sun tafi, na Ajawa a ƙasar Bauci ya tafi, jikokin masu su Hausa suke yi. Marigayi Russell Schuh da abokan aikinsa na Yobe sun yi ƙoƙarin rubuta ƙamusoshin harsunan can, amma abin da ya rage ya fi abin da aka yi yawa. Duk tsohuwar da aka binne da harshenta a wani ƙauyen Bauci ko Filato, al'ummarta ta yi babban rashi, kuma mu ma wata hujja tamu ta bi ta. Sashen Hausa da bai damu da waɗannan harsuna ba yana yi wa Hausar kanta asara, kuma akwai haƙƙin maƙwabtaka a kanmu ko da ba don wannan ba.

Haka abin yake a cikin gida. Marinin da ya san karofi da katsi da baba, masaƙin da ya san ƙoshiya da abawa, maƙerin da ya san tama da masaba da awartaki, majemi da baduku da maharbi, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'a. Rediyo da fim da waya suna goge karin harsunan Gobir da Adar da Kurfai da Guddiri, kowa yana karkata zuwa Hausar birni. Tsofaffin siffofin da na rubuta wa yara a allo a bakin waɗannan mutane suke.

Rubutattun shaidu kuwa muna da su fiye da yawancin harsunan Afirka, saura a tsefe su. Waƙoƙin ajami na masu jihadi, har da na Nana Asma'u, suna nuna wace kalma ce take raye a farkon ƙarni na 19. Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe, ya rubuta jerin kalmomi daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun ta Saliyo, aka buga a 1854, harsuna sama da 100, da Hausa da wasu danginta a ciki. Ga labaran da Schön, shi ma ɗan mishan, ya rubuta daga bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu, ga rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Salaga da Kete-Krachi, ga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara, aka buga tsakanin 1911 da 1913, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Ga abin da ke ajiye a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da tarin rubutattun littattafai na Yamai. Da waɗannan za a iya cewa kalma kaza an fara ganinta a rubuce a shekara kaza, a wuri kaza, da ma'ana kaza.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo a riƙe da ƙarfi: kowane bayani ya zo da darajarsa. Wanda ya tabbata a ce ya tabbata, a kawo hujja. Wanda masana suka yi saɓani a kai a kawo ɓangarorin da sunayen masu su. Wanda ba a gano ba a rubuta ƙarara cewa ba a gano asalinsa ba, kar a cike gurbin da ƙirƙira don littafi ya yi kauri. Labaran da jama'a ke bayarwa, irin na "hau sa", a rubuta su su ma, domin adabi ne kuma suna nuna yadda mutane ke kallon kansu, amma a ware musu wurinsu, a faɗi abin da suke. Kuma kar a yanke hukunci kan kalmar da ake zargin ta Barbarci ce ko Fulatanci ko Tamashek ko Zabarmanci ko Nufanci ko Yarbanci sai masanin wannan harshe yana zaune a wurin, domin sanin wa ya aro daga wa shi ne mafi wuyar aikin, kuma son kai yana saurin shiga.

Za a ce babu kuɗi, kuma aikin na shekaru ne. Haka ne. Ƙamusun Oxford an fara tunaninsa a 1857, bai kammala ba sai 1928. Na Jamusanci da 'yan'uwan nan Grimm suka fara a 1838 sai 1961 aka rufe shi. Waɗanda suka aza harsashin ba su ga ƙarshensa ba, amma sun riƙa fitar da shi kashi-kashi, mutane suna amfana tun ana cikin aiki. James Murray na Oxford ya dogara ne da masu sa kai da ke aiko masa da 'yan guntayen takardu, kowace da kalma da jimlar da aka tsince ta da inda aka gani. Larabawa sun yi nasu a zamaninmu, Doha ta fara ƙamusun tarihin Larabci a 2013 ta ɗora shi a intanet kyauta. Mu yau muna da waya a kowane aljihu, muna da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da aka kafa don irin wannan, muna da masarautu da attajirai da gidajen rediyo da za su so a ga sunansu a aikin da zai daɗe. Ba na roƙon a fara da dukan harshen. A ɗauki kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su, a tara abin da aka riga aka gano a kansu, a tace, a mayar da shi Hausa, a sa a intanet yadda zai buɗu a ƙaramar waya, a kuma buga mai arha don makarantu. A raba wa ɗaliban digiri na biyu da na uku fannoni, wannan kalmomin rini, wancan na sarauta, wancan na noma, a kan tsari ɗaya, yadda kowane kundi zai zuba a ma'ajiya guda maimakon a yi ta maimaita batu ɗaya a jami'o'i biyar.

Kowace shekara ranar 26 ga Agusta muna taruwa don Ranar Hausa ta Duniya, a yi jawabai, a yi waƙe, a watse. Ina roƙon a taron da ke tafe ku fito mana da sunayen kwamitin wannan aiki, da jami'ar da za ta riƙe ma'ajiyar, da adireshin da za mu riƙa aiko da kalmomi. Mu malaman firamare da sakandare muna ko'ina, har ƙauyukan da motar bincike ba ta zuwa, kuma ɗalibanmu suna kwana gida ɗaya da kakanninsu. Ku ba mu takardar tambayoyi, ku koya mana yadda ake ɗaukar murya da rubuta karin sauti daidai, za mu tattaro muku.

Allah ya taimake ku, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinku,
malamin Hausa a wata makarantar sakandare.